Mudir ya sa ni a gaba a wurin aiki a Jidda: in yi haƙuri, in gudu, ko in kai ƙara?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke aiki a sito na wani kamfanin kayan abinci a Jidda ya ce shekararsa huɗu a kamfanin, albashinsa riyal 2,400, kuma igamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a kan kamfanin take. Tun da aka kawo sabon mudir, wato manaja, bara ya sa shi a gaba: zagi a bainar jama'a har da na iyaye da gorin launin fata, yankan albashi ba bayani, aikin dare ba a biya, kwanan nan kuma an ɗauke shi daga lissafin kaya an mayar da shi wankin banɗaki. Fasfonsa na kulle a ofis. Yanzu mudirin ya ce ko dai ya sa hannu a takardar ajiye aiki ko a buga masa hurub, wato a kai wa hukuma rahoton cewa ya tsere daga aiki. Abokai na ba shi shawara ya sulale ya nemi aiki a wani wuri, shi kuma ya ce akwai ranar da saura ƙiris ya kai wa mutumin hannu. Yana neman mafita.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yaye maka. Na jima ina aiki a ofishin kula da ma'aikata a ƙasar nan, kuma na sha raka 'yan'uwanmu maktab amal, wato ofishin ƙwadago na gwamnati, ina yi musu tafinta, saboda haka labarinka ba baƙo ba ne a kunnena. Kafin dogon bayani, ga abin da nake so ka riƙe tun yau: kada ka sa hannu a takardar nan, kada ka gudu, kada ko yatsa ka ɗaga masa. Gobe ka je aiki a kan lokaci, ka danna yatsanka a na'urar shiga kamar kullum. Abubuwan nan uku da zuciya ke raya maka su ne ainihin abin da mudirin yake jira, kuma kowanne a cikinsu riba ce ga kamfani.

Bari mu yi lissafi, don a nan maganar take. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2005 aka yi ta yi mata kwaskwarima, ta ba ma'aikaci kuɗin sallama idan aiki ya ƙare. Sashe na 84, ko madda 84 kamar yadda za ka ji ana faɗa a ofis, ya ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara da ta biyo baya. Kai mai shekara huɗu da riyal 2,400, sallamarka riyal 4,800 ke nan. Amma madda 85 ta ce wanda ya ajiye aiki don kansa tsakanin shekara biyu zuwa biyar, sulusi kawai zai karɓa. Da sa hannu guda, 4,800 ta koma 1,600. Ba nan ta tsaya ba. Kwantiragin baƙo a ƙasar nan mai wa'adi ne, kuma idan kamfani ya kore ka kafin wa'adin ya cika ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, madda 77 ta ɗora masa diyya: albashin watannin da suka rage, in dai kwantiragin bai ambaci wani adadi ba, kuma diyyar ba za ta gaza albashin wata biyu ba. Ga kuɗin jirgin komawa gida, wanda yake wuyan kamfani idan aiki ya ƙare ta hanyar da ta dace. Duk wannan yana iya zubewa idan takarda ta nuna kai ne ka ce ka gaji. To ka ga dalilin da ya sa mutum zai ɓata watanni yana zaginka maimakon ya kira ka ofis ya ce an sallame ka. Ban ce kowane azzalumin mudir lissafi yake yi ba, wani mugun hali ne kawai yake ɗawainiya da shi, amma duk wanda ya kai ga ajiye maka takardar istiƙala, wato ta ajiye aiki, a kan tebur ya san abin da yake yi.

Maganar kai masa hannu ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Abu na farko da madda 80 ta lissafa cikin dalilan da ke ba kamfani damar korar ma'aikaci ba sallama, ba sanarwa, ba diyya, shi ne ya daki mai kamfani ko mudir ko wani shugabansa a lokacin aiki ko saboda aiki. Mari ɗaya zai wanke masa zagin shekara guda, daga nan kuma maganar ta bar hannun maktab amal ta koma ta 'yan sanda. Sito ba ya rasa kyamara. Ashar ɗin da ya ɗura maka wataƙila kyamara ba ta ɗauki sautinsa ba, amma hannunka za ta ɗauka tsaf.

Su kuma abokan da ke cewa ka sulale, tambaye su nawa ne a cikinsu ke iya wucewa ta shingen bincike a hanyar Makka ba tare da gabansa ya faɗi ba. Madda 80 ɗin dai ta ce rashin zuwa aiki ba uzuri fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, dalili ne na kora ba sallama, bayan an yi wa mutum gargaɗi a rubuce. Tun Oktoban 2022 an ɗan sassauta tsarin ga ma'aikatan kamfanoni: idan kafili, wato mai aikin da igamarka take a kansa, ya shigar da rahoton cewa ka daina zuwa aiki, ana ba ka kwana 60 ka koma hannun wani kafilin ko ka yi fitar ƙarshe, wato barin ƙasar gaba ɗaya. Idan kwanakin suka wuce ba ka yi ko ɗaya ba, sunanka ya shiga sahun waɗanda suka tsere. Yin aiki ga wanda ba kafilinka ba laifi ne mai zaman kansa, kuma wanda ya ɗauke ka a ɓoye ya san ba ka da bakin kai shi ƙara, don haka sau da yawa sai ka tarar ya fi na farko mugunta. Ƙarshen hanyar kuwa sananniya ce: Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai jirgi, da haramcin dawowa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Barazanar hurub tana cin wanda ba ya zuwa aiki ne. Mutumin da ke zuwa kullum aka buga masa, wannan rahoton ƙarya ne, ana ƙalubalantarsa a maktab amal, kuma abin da za a nema a wurinka shi ne shaidar kana bakin aiki a ranakun da aka ce ka ɓace. Ka lura da wata dabara da ake yawan yi. Mudir zai ce maka da baki, tafi gida, kada ka dawo sai na neme ka. Kai kana ɗaki kana jira, shi yana ƙirga maka kwanaki. Idan ya faɗa maka haka, a take ka tura masa saƙo ta WhatsApp cewa ya umarce ka ka zauna a gida daga yau, kana neman umarnin a rubuce, kuma kai a shirye kake da aiki. Washegari ka je ƙofar sito. In an hana ka shiga, ka sake rubutawa cewa ka zo ƙarfe kaza an hana ka. Ka riƙa leƙa Absher da Qiwa, manhajojin gwamnati na harkar igama da ta aiki, kana duba matsayinka, kada ka ji labarin hurub ɗinka a bakin ɗan sanda.

To abin da ake yi maka, doka ta san da shi? Ta sani, sai dai mu rarrabe. Mudir mai tsanani da ke ɗaga murya idan an makara ko an fasa kwali, yana kuma yi wa kowa, ba daɗi amma ba shi ake kai ƙara a kansa ba. Duk wanda ya yi aikin sito ya san "yalla yalla" ba ta ƙarewa daga safe har dare. Abin da ke mayar da shi cin zali shi ne a ware mutum ɗaya, a yi ta maimaitawa, a zaɓi gaban jama'a don a kunyata shi, a bar maganar aiki a koma kan iyayensa da ƙasarsa da fatar jikinsa. Naka ya cika waɗannan duka. Madda 61 ta wajabta wa mai aiki ya mutunta ma'aikatansa, ya guji duk wata magana ko aiki da zai taɓa mutuncinsu ko addininsu, kuma kada ya riƙe albashi ko wani ɓangarensa ba tare da hujjar shari'a ba. Gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya ƙara hana nuna bambanci tsakanin ma'aikata saboda asali ko launin fata ko jinsi. Tun Oktoban 2019 kuma akwai ƙa'idojin ma'aikatar ƙwadago na kare ma'aikaci daga cin zarafi a wurin aiki, waɗanda suka haɗa da zagi da barazana da wulaƙanci, suka kuma tilasta wa kamfani ya buɗe hanyar karɓar koke ya kafa kwamitin bincike idan an kawo.

Wankin banɗaki ba abin kunya ba ne, da yawa cikin 'yan'uwanmu da shi suke ciyar da gida suna kai yara makaranta. Amma ba shi aka ɗauke ka yi ba, kuma madda 60 ta hana a ɗora wa ma'aikaci aikin da ya sha bamban ƙwarai da wanda aka yi yarjejeniya a kansa sai da amincewarsa a rubuce, in ban da halin larura, shi ma bai wuce kwana 30 a shekara ba. Yankan albashi ma yana da ƙa'ida. Ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifinsa an ji ta bakinsa, tarar laifi guda ba ta wuce albashin kwana biyar, kuma ba a cire fiye da na kwana biyar a wata don biyan tara. Kuɗin tarar ma ba na aljihun mudir ba ne: doka ta ce a rubuta shi a rajista ta musamman, a kashe shi kan abin da zai amfani ma'aikatan. Awannin aiki takwas ne a rana ko 48 a mako, a watan azumi shida ko 36 ga Musulmi, abin da ya haura kuwa ana biyan kuɗin awa a ƙara rabin na ainihin albashi a kai. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne, akwai tara a kansa, ko da kuwa an saba yi har mutane sun ɗauka al'ada ce.

Duk wannan a takarda yake, kuma yana aiki. Matsalar ita ce wanda zai yi hukunci ba ya nan lokacin da aka zage ka.

Na taɓa zama kusa da wani bawan Allah a zaman sulhu, dattijo mai furfura, direban babbar mota. Ya ɗauko labari tun daga ranar da ya sauka a filin jirgi, yana rantsuwa, muryarsa na rawa, da ya zo kan abin da aka faɗa game da mahaifiyarsa sai ya kasa ƙarasawa. Ni da nake fassarawa na san gaskiya yake faɗa. Jami'in ya saurara har ya gama, sannan ya tambaya a hankali: akwai saƙo? Akwai wanda zai ba da shaida? Akwai takarda? Babu. Wakilin kamfani ya buɗe fayil ya zaro takardun gargaɗi, kowacce da dangwalen yatsan dattijon a ƙasa, waɗanda ya dangwala a kan cewa na karɓar albashi ne. Abin da aka iya ceto masa shi ne albashin da banki ya nuna ba a biya ba. Zagin kuwa ya tafi a iska.

Saboda haka aikin da ke gabanka a makonnin nan shi ne tara hujja, a hankali, ba tare da kowa ya sani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga Qiwa ka sauke kwantiraginka ka karanta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka na Larabcin, domin idan fassara ta saɓa da Larabci, da Larabcin ake aiki. Duba ranar ƙarewarsa, sunan aikinka, da abin da ya ce kan sanarwa. Je banki ka karɓi bayanin asusunka na shekara guda. Tun da ta banki ake biyan albashi a ƙarƙashin tsarin kare albashi, duk watan da ya shigo a gutsure zai nuna kansa. Ɗauki hoton jadawalin aikin dare da ake mannawa a bango. Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, wuri, ainihin kalmomin da ya faɗa da Larabci kamar yadda suka fito daga bakinsa, da sunayen waɗanda ke tsaye. Littafin shi kaɗai ba zai ci maka shari'a ba, amma zai hana labarinka karkacewa idan an juya maka tambaya, zai kuma ba ka damar cewa a duba kyamarar rana kaza. Kada ka ajiye shi a masaukin kamfani. Duk abin da ka tara ka tura kwafi zuwa imel ɗinka ko wayar wani ɗan'uwa a gida, don waya tana faɗuwa, ana kuma iya ƙwace ta.

Abin da ya fi komai amfani, a ganina, shi ne ka koyi mayar da maganar baki rubutu. Duk lokacin da aka yanke maka kuɗi, tura saƙo cikin ladabi: Ustaz, an cire riyal kaza daga albashina na wannan wata, ina neman sanin dalili. An mayar da kai banɗaki, rubuta: aikina a kwantiragi lissafin kaya ne, ina neman a mayar da ni. Fasfo ma haka, nemi abinka a rubuce. Ba zagi, ba habaici, ba "Allah ya isa". Mai zafin kai ba ya iya shiru, sau da yawa sai ya mayar maka da saƙon murya cike da ashar, kuma wannan shi ya aiko maka da hannunsa. Dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta amince da saƙonnin waya da imel a matsayin hujja a kotu. Kada ka goge hirar, kada ka sauya lamba.

Amma a nan akwai rami da samarinmu ke yawan faɗawa. Ɗaukar mutum bidiyo a ɓoye, balle a watsa a TikTok ko Facebook ana kiran sunansa da na kamfani, yana iya juyewa a kanka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata suna ko keta sirrin mutum ta waya. Ka shiga kotu a mai ƙara ka fito a wanda ake tuhuma, alhali kai aka zalunta. Hujjarka ta hukuma ce, ba ta 'yan kallo ba.

Shaidu kuwa, kada ka ɗora rai a kan waɗanda igamarsu ke hannun kamfani ɗaya da kai. A ɗaki za su rantse maka, ranar zama kowa zai ce ba ya kusa, kuma kada ka riƙe su a zuci, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Wanda ya riga ya bar kamfanin ya fi sauƙin tsayawa, don haka karɓi lambobin irin waɗannan tun yanzu. Ka kuma iya bakinka. Abin takaici ne amma sai an faɗa: sau da yawa mai kai wa mudir rahoto namu ne, wani lokaci ma mushrif ɗin, wato mai sa ido kan ma'aikata, da ya fi kowa gallaza wa sababbin zuwa da Hausa yake zaginsu.

Da ka tara abin da ya samu, rubuta koke zuwa ofishin kula da ma'aikata na kamfanin ko ga mai kamfanin kansa. Da Larabci, shafi ɗaya, ranaku da abin da ya faru, da abin da kake nema: a daina cin mutunci, a mayar maka da kuɗinka da aikinka da fasfonka. Ka tura ta imel, ko ka sa a buga maka hatimi a kwafinka. Wasu za su ce ɓata lokaci ne. Ni ban ɗauke shi haka ba, saboda akwai masu kamfani da ba su san abin da mudir ke yi a sito ba, kuma ba sa son sunansu ya je ma'aikata kan riƙe fasfo. In ma an yi biris da kai, takardar ta zama shaida cewa ka sanar ba a gyara ba. Kana kuma iya kai rahoton saɓa doka kai tsaye ga Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci gaban Al'umma, wadda har yau muke ce wa maktab amal, ta manhajarsu ko lambarsu ta 19911.

Yanzu madda 81, wadda kowa ke ambata a majalisa. Gaskiya ne ta ba ma'aikaci damar barin aiki ba sanarwa kuma ya tafi da cikakken haƙƙinsa, idan mai aiki ya saɓa muhimman sharuɗɗan kwantiragi, ko ya sa shi aikin da ya sha bamban da nasa, ko aka dake shi, ko mu'amalar mai aiki ko mudir ta kasance ta ƙeta da zalunci da wulaƙanci, ko aka matsa masa da gangan don ya zama kamar shi ne ya ajiye aikin. Kamar da kai aka rubuta ta. Sai dai nauyin kawo hujja a wuyanka yake. Idan ka fita da sunanta ka kasa tabbatarwa, kotu na iya ɗauka kai ne ka karya kwantiragi ba dalili, diyyar madda 77 ta juyo kanka. Don haka ba a fita da ita cikin fushi. Ana fita ne bayan hujja ta taru, a rubuta dalili ƙarara, kuma in da hali bayan lauya ko wani masanin dokar ƙwadago ya duba takardunka. Shawarata a irin ƙararka: sa maganar kuɗi a gaba, wato yankan albashi, awannin dare, sauya aiki da fasfo, don su ne ake gani a takarda, zagin ya biyo baya yana ƙarfafa su. Wanda ya gina ƙararsa kan zagi kaɗai yakan sha wuya.

Akwai kuma ƙofofi biyu da suka fi wannan sauƙi, mutane na mantawa da su. Idan saura 'yan watanni kwantiraginka ya ƙare, ka daure, ka sanar a rubuce cikin lokacin da kwantiragin ya ƙayyade cewa ba za ka sabunta ba. Ƙarewar wa'adi ba ajiye aiki ba ce, sallamarka cikakkiya za ka karɓa. Ta biyu, tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani na iya komawa wani kamfanin ba da yardar kafili ba idan kwantiragi ya ƙare, ko bayan ya cika shekara a ƙasar tare da kiyaye sharuɗɗan sanarwa da abin da kwantiragi ya tanada. Sabon kamfanin ne zai turo maka tayi ta Qiwa ka amsa. Idan an yi wata uku a jere ba a biya ka ba, ko an bar igamarka ta mutu, ko ba a yi wa kwantiraginka rajista ba, hanyar ta fi haka sauƙi. Fitar ƙarshe da ta hutu ma kana iya nema da kanka ta Absher. Da ni ne kai, daga yau zan fara neman wani wurin a ɓoye, don wanda ke da tayi a hannu ba ya jin tsoron barazana.

Idan ta kai ga ƙara, matakin farko shi ne sulhu a ma'aikata. Ana shigarwa ta shafinsu na intanet, ana kuma ba sulhun kwanakin aiki 21. In an daidaita, takardar sulhun tana da ƙarfin da za a tilasta aiwatar da ita. In ba a daidaita ba, ko kamfani ya ƙi zuwa, sai a ba ka takardar da za ka wuce kotun ƙwadago ta hanyar Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a; kotunan nan sun fara aiki tun ƙarshen 2018, ma'aikaci ba ya biyan kuɗin kotu kan neman haƙƙinsa, kuma ana sauraron wanda ba ya jin Larabci ta bakin tafinta. Kai dai kada ka yi fashin zama, don ana ajiye ƙarar wanda bai halarta ba. A zaman sulhu za a yi maka tayin ƙasa da haƙƙinka. Karɓa ko ƙi naka ne, wani lokaci rabin da ke hannu ya fi wa mai iyali, amma ka shiga da lissafinka a rubuce don ka san nawa kake yafewa. Takardar da ake kira mukhalasa, mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka, ba a sa mata hannu sai kuɗi ya shiga asusu ka gani da idonka. Farar takarda kuwa ko da wasa. In ya kai ga duka, wannan ba maganar sulhu ba ce: asibiti a ranar don rahoton likita, sannan ofishin 'yan sanda.

Na san za a ce maka ka yi haƙuri, ƙasa mai tsarki ce, arziki ka zo nema ba rigima ba. Haƙurin da nake ba ka shi ne na riƙe hannu da harshe har ka kai ga haƙƙinka. Wanda ake nufi da zama a ci gaba da taka ka, ban san inda addini ya yi umarni da shi ba. A ƙasar nan ne Abu Zarr ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa lallai akwai sauran jahiliyya a tare da shi, ya kuma yi umarni kada a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsu. Hadisin na cikin Buhari da Muslim. Ka kuma kula da jikinka. Rashin barci, ciwon kai da faɗuwar gaba duk safiya ba ragwanci ba ne, kuma hawan jini ba ya sallama. Inshorar lafiyarka wajibi ce a kan kamfani, je asibiti a auna ka, rahoton ma ka ajiye.

Ga masu karatu da halinsu ya bambanta da na mai tambaya: yawancin abin da na faɗa na ma'aikatan kamfani ne masu igama. 'Yan'uwanmu mata masu aikin gida, da direbobin gida, ba sa ƙarƙashin waɗannan maddodin, suna da tasu ƙa'idar daban, kwantiraginsu na Musaned, wato shafin gwamnati na masu aikin gida, kokensu kuma ta 19911 ɗin dai yake bi. Wadda maigida ko ɗansa ke nema da lalata ta sani dokar 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ya kai biyar idan mai laifin na da iko a kanta ko a wurin aiki abin ya faru, kuma wannan maganar 'yan sanda ce. Wanda ya zo Umara ya zarce, ko yake zaune ba takarda a unguwanni irin su Karantina a Jidda ko Sharamansur a Makka, gaskiya mai ɗaci ita ce yawancin ƙofofin nan a rufe suke gare shi, shi ya sa ake cinye masa gumi ba fargaba. Hanyarsa ita ce ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda, Najeriya da Nijar duk suna da shi, ko babban ofishin a Riyad, musamman idan an kulle shi ko an tilasta masa aiki.

Kai kuma ƙanena, in ta kama dole ka koma gida kafin a gama, ka sani kotun ƙwadago ba ta karɓar ƙara bayan wata 12 da ƙarewar aiki sai da uzurin da ta gamsu da shi. Shigar da ƙararka tun kana nan, ka yi wa lauya wakala a hukumance kafin a buga maka fitar ƙarshe, ka kuma bar masa kwafin duk abin da ka tara, domin bin haƙƙi daga Kano ko Damagaram ba tare da wakili ba abu ne mai wuyar gaske.